Valentino Rossi gwani ne ko babur ne ya ɗauke shi?

Ɗan'uwa tambayarka biyu ce a haɗe. Kace kana jin ana ta zuzuta Valentino Rossi a harkar tseren babura, wai da gaske gwani ne ko dai dace yayi da babura masu ƙarfi, sannan kace in kambu ake ƙirgawa ai Giacomo Agostini, tsohon zakaran nan ɗan Italiya, yana da 15 shi kuwa 9 gare shi, to ta ina ya fi shi. Toh bari mu bi abun a hankali, dan wannan gardamar ba yau aka fara ta ba, hatta kamfanin Honda sai da suka yi ta da shi, kuma ita ce silar rabuwarsu.

Da farko ka sani zarginka yana da tushe. A wannan wasan babur yana da kaso mai yawa, ba tseren ƙafa bane da za'a ce kowa da ƙafar da Allah ya bashi. Tsere ɗaya a MotoGP, wato babban ajin gasar tseren babura ta duniya, bai wuce minti 40 zuwa 45 ba, nisan kilomita 110 zuwa 120, ana gudun sama da kilomita 300 a awa a miƙaƙƙiyar hanya, kuma tsakanin na ɗaya da na goma a zagaye guda wani lokacin ko daƙiƙa ɗaya ba'a samu. In babur ɗinka ya gaza da rabin daƙiƙa a kowane zagaye, kafin a gama zagaye 25 an baka tazarar da ko ƙurar mutane bazaka gani ba. So duk wanda yace maka babur ba komai bane bai san harkar ba. Abun dubawa shine me mahayin yayi lokacin da yake kan babur mai kyau, me kuma yayi lokacin da aka bashi wanda kowa ya raina, kuma Rossi duka biyun sun same shi.

An haife shi 16 ga Fabrairu 1979 a Urbino ta ƙasar Italiya, ya taso a wani ɗan ƙaramin gari Tavullia. Babansa Graziano Rossi shima ɗan tsere ne, ya ci tsere 3 a ajin 250cc a shekarar 1979, kuma lamba 46 ɗin nan da kake gani ko'ina ta baban ce ya gada, bai taɓa canza ta ba ko a shekarun da yake da ikon saka lamba 1 a matsayin zakara. Ya shiga gasar duniya 1996 a ajin 125cc da babur ɗin kamfanin Aprilia, ya ci tserensa na farko a Brno, shekara ta biyu 1997 ya ɗauki kambun da nasara 11 cikin tsere 15. Ya hau 250cc, 1998 yazo na biyu bayan Loris Capirossi, 1999 ya ɗauka. Ya hau 500cc, wanda shine babban aji a lokacin, da Honda, 2000 yazo na biyu bayan Kenny Roberts Jr, 2001 ya ɗauka da nasara 11. Ka lura da tsarin, shekara ɗaya ta koyo shekara ta biyu ta ɗauka, sau uku a jere a aji uku daban-daban. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka mutum ne mai saurin fahimtar abun hawa.

Kuma kar ka ɗauki 500cc ɗin nan wasa. Injinsa irin na Vespa da tsohuwar Yamaha 100 ne masu hayaƙin nan, sai dai shi silinda huɗu gare shi, ƙarfin doki sama da 180, nauyinsa wajen kilo 130 kacal, kuma babu irin na'urorin zamani masu hana taya sulɓewa. Ƙarfin injin ba ya zuwa a hankali, farat ɗaya yake zuwa, in ka murɗa totur da ɗan wuri alhali babur yana kwance a kwana, tayar baya zata sulɓe sannan ta sake kama kwalta lokaci guda, babur ya cilla ka sama. Wannan babur ɗin ya raunata manya, Wayne Rainey ya samu shanyewar rabin jiki a Misano 1993, Mick Doohan mai kambu 5 a jere ƙafarsa ta kusa salwanta a 1992, haɗarin Jerez 1999 kuma ya kawo ƙarshen tserensa. Makanikan Doohan ɗin ne Rossi ya gada, shugabansu Jeremy Burgess ɗan Ostiraliya, ka riƙe sunan nan dan rabin labarin Rossi da shi akayi.

2002 aka canza doka aka koma manyan injina na 990cc, Honda suka fito da RC211V mai silinda biyar, kuma gaskiya babur ɗin nan ya fi na kowa nesa ba kusa ba. Rossi ya ci tsere 11 a 2002, ya ci 9 a 2003 kuma a duk tsere 16 na shekarar bai taɓa fita daga ukun farko ba. A Phillip Island ta Ostiraliya ma a 2003 sai da aka ci shi tarar daƙiƙa 10 saboda ya wuce wani a lokacin da aka ɗaga tutar gargaɗi, da aka nuna masa a allo kawai sai ya ƙara wuta, ya bada tazarar wajen daƙiƙa 15, aka cire goman still shine na ɗaya. Amma duk da haka maganar da ake tayi irin taka ce, ai babur ne, kowa ka ɗora akan wannan Honda zai ci. Kuma su kansu manyan Honda haka suka ɗauki abun, a wajensu injiniya shine komai, mahayi ma'aikaci ne da za'a iya sauyawa.

A nan ne yayi abun da ni a wajena shine ya raba shi da sauran. Ƙarshen 2003 ya bar Honda ya koma Yamaha. Dan ka gane girman kasadar, Yamaha rabonsu da kambun babban aji tun Rainey a 1992, kuma a duk kakar 2003 basu ci tsere ko ɗaya ba, sau ɗaya tak wani mahayinsu ya shiga ukun farko, Alex Barros a Le Mans. Honda kuma suka hana shi taɓa babur ɗin Yamaha har sai da kwantiraginsa ya ƙare a ƙarshen Disamba, so sai a Janairu 2004 ya fara hawa a Sepang ta Malesiya alhali sauran sun riga sunyi nisa da gwaji. Ya tafi da Burgess da kusan duk makanikansa. A can suka haɗu da wani injiniya ɗan Japan Masao Furusawa, wanda ya kawo injina kala-kala yace ya gwada, Rossi ya zaɓi wanda ma bai kai sauran ƙarfi ba, mai sabon tsarin karanshaf da yake sa fistin huɗun basa bugawa da tazara iri ɗaya, saboda da shi ne yake jin abun da tayar baya take yi a hannunsa in ya murɗa totur. Wannan zaɓin ba ƙaramin abu bane, yawancin matasan mahaya da ka basu zaɓi wanda ya fi gudu zasu nuna, shi kuwa ya san tsere a cikin kwana ake cinsa, babur ɗin da zai baka damar buɗe wuta da wuri wajen fita daga kwana ya fi mai ƙarfin da kake tsoron murɗawa.

Tseren farko na 2004 a nan nahiyarmu akayi, Welkom ta Afirka ta Kudu, 18 ga Afrilu. Shi da Max Biaggi abokin gabarsa na tun fil azal wanda ke kan Honda suka yi ta musayar gaba tun daga farko har ƙarshe, Rossi ya ci da tazarar da bata kai rubu'in daƙiƙa ba. Ya ci tseren ƙarshe na 2003 akan Honda ya ci na farko na 2004 akan Yamaha, ba'a taɓa yin haka ba a babban aji. Bayan ya tsallake layi ya tsaya gefen hanya ya sauka ya zauna kusa da babur ɗin, wlh duk sanda na sake kallon wajen nan sai naji tsikar jikina ta tashi. Shekarar ya ci tsere 9 cikin 16 ya ɗauki kambu da maki 304, Sete Gibernau na Honda yana da 257. Ga kuma hujjar da nafi so in baka, abokin hawansa a Yamaha Carlos Checa, gogagge ne ba ɗan koyo ba, akan babur iri ɗaya, na 7 ya ƙare, kuma babu wani mahayin Yamaha da ya ci tsere a shekarar in ba Rossi ba. In babur ne da mun gani a jikin sauran. 2005 ya sake ɗauka da nasara 11.

Sai dai in zan maka adalci dole in ƙara da cewa ba wai ya hau lalataccen babur ya ci da tsabar zuciya bane kamar yadda wasu masoyansa suke faɗa. Babur ɗin 2004 ba na 2003 bane, an gyara shi sosai. Gwanintarsa itace ya iya dawowa gareji ya zauna ya faɗawa makanikai daidai abun da ke faruwa, a kwana kaza gaba yana turewa, a waje kaza in na saki birki baya yana rawa, dalla-dalla yadda Burgess zai san wane kusa zai taɓa a shokazoba ko ina za'a matsar da nauyi. Mahaya da yawa suna da gudu amma in ka tambaye su me ke damun babur sai suce kawai baya tafiya. Abu na biyu shine birki, Rossi dogo ne kuma yana iya jinkirta taka birki fiye da kowa a zamaninsa ya shiga kwana yana riƙe da birkin gaba har tsakiya. Na uku sarrafa taya, sau da yawa zai zauna bayan mutum zagaye 15 yana karanta shi yana lallaɓa tayarsa, sai saura zagaye uku ko biyu ya wuce. Shi yasa ake ce masa mutumin ranar Lahadi, ba lallai ya fi kowa gudu a gwajin Asabar ba amma ranar tsere wani abu ne daban.

Ya sha kaye kuma. 2006 ya shiga tseren ƙarshe a Valencia yana gaban Nicky Hayden ɗan Amurka da maki 8, daga gurbin farko ma ya tashi, amma ya zame ya faɗi a zagaye na 5 ba wanda ya taɓa shi, Hayden ya ɗauka da tazarar maki 5, kuma maki 5 ɗin nan sune daidai waɗanda Toni Elias ya ƙwace masa sati biyu kafin nan a Estoril da tazarar daƙiƙa 0.002. 2007 Casey Stoner da Ducati da tayar Bridgestone suka yi wa kowa fintinkau, Stoner ya ci tsere 10, Rossi na uku ya ƙare. Mutane suka fara cewa ya ƙare. Ya dage sai da aka canza masa taya daga Michelin zuwa Bridgestone, har aka sa katanga a tsakiyar garejin Yamaha tsakaninsa da sabon yaro Jorge Lorenzo saboda kowa da kamfanin tayarsa, ya dawo ya ɗauki 2008 da 2009. In kana da data ka nemi Laguna Seca 2008, ranar Stoner ya fi shi gudu ƙarara amma Rossi ya ƙi barinsa ya samu sarari, duk inda Stoner ya wuce sai ya rama a kwana ta gaba har da bi ta cikin ƙasa a gangaren nan mai murɗiya, har Stoner ya fita hanya. Sai kuma zagayen ƙarshe na Catalunya 2009, ya wuce Lorenzo a kwanar ƙarshe inda kowa ya yarda ba'a wucewa. Gani ya kori ji.

Yanzu ga ɓangaren da ke goyon bayanka. 2010 ya karye a ƙafar dama a Mugello wajen gwaji, ya rasa tsere 4, Lorenzo ya ɗauki kambu ya zama shine ɗan gaban goshin Yamaha, Rossi ya fusata ya koma Ducati a 2011. Kowa ya zata za'a maimaita 2004 ne, ɗan Italiya akan babur ɗin Italiya. Ina! Shekara biyu bai ci tsere ko ɗaya ba, sau 3 kawai ya shiga ukun farko, na 7 a 2011 na 6 a 2012. Ducati ɗin lokacin kusan bashi da firem na al'ada, injin ne ke ɗauke da komai sai wani ɗan guntun kabon a gaba, baya lanƙwasa ko kaɗan, mahayi baya jin abun da tayar gaba take ciki sai kawai ya tsinci kansa a ƙasa, Rossi kuwa duk salonsa akan amincewa da tayar gaba ya ginu. An canza zuwa firem na alminiyam, an gwada wannan an gwada wancan, abu yaƙi. Kuma wannan babur ɗin ne Stoner ya ci tsere 3 da shi a 2010, dan haka ni ina cikin masu cewa in ana maganar baiwar hawa tsagwaronta, ta mutum ya hau abun da bai saitu ba ya tilasta masa gudu, Stoner ya fi Rossi. Duk da haka Ducati basu sake cin tsere ba sai 2016, so matsalar ba ta Rossi kaɗai bace. A cikin shekarun nan ne kuma abu mafi muni ya same shi, 23 ga Oktoba 2011 a Sepang amininsa Marco Simoncelli mai shekara 24 ya zame babur ɗinsa ya jawo shi tsakiyar hanya, Colin Edwards da Rossi suna tafe babu yadda zasuyi su kauce, ya rasu a ranar. Mutane da yawa sun ɗauka daga nan zai ajiye.

Bai ajiye ba, kuma abun da ya biyo baya ni nafi girmama shi akan wasu kambunan nasa. Ya koma Yamaha 2013 yana da shekara 34, a matsayin na biyu ƙarƙashin Lorenzo, a daidai shekarar da Marc Marquez ya shigo yana ɗan shekara 20 ya ɗauki kambu da wani sabon salo na zubo jiki gaba ɗaya gefen babur har gwiwar hannu tana gogar kwalta. Mutum mai kambu 9 ya zauna yana kallon yadda yara suke hawa yana kwaikwayo, ya canza zamansa akan babur, ya rabu da Burgess bayan shekara 14 tare ya ɗauko Silvano Galbusera, rabuwar da ta yi wa mutane da yawa ciwo har da ni, amma sakamako ya nuna yana da dalili, yazo na biyu a duniya 2014, 2015 da 2016.

2015 ɗin ce har yau ake faɗa akanta. Yana jan ragamar maki kusan duk shekara, sai ana saura tsere biyu ya fito gaban 'yan jarida a Sepang ya zargi Marquez da cewa yana taimakon Lorenzo, duka 'yan Sifaniya ne. Ranar tsere Marquez ya manne masa suna ta wuce juna kamar zagayen ƙarshe ne, a zagaye na 7 Rossi ya rage gudu ya tura shi gefe yana waiwayensa, suka gogu Marquez ya faɗi. Aka hukunta Rossi da tashi daga ƙarshen layi a Valencia, ya ratso mutane ya ƙare na 4, Lorenzo ya ci tseren ya ɗauki kambu 330 da 325. Ra'ayina, kuma ina son Rossi, maganar da yayi gaban 'yan jarida kuskure ce babba, salon tsokanar da ya yi wa Biaggi da Gibernau aiki a baya ya gwada akan yaron da tsokana ƙara masa wuta take, kuma tura mutum waje da gangan laifi ne ko me aka yi maka. Marquez shima bai kyauta ba, wanda baya neman kambu bai kamata ya yaƙi mai nema haka a farkon tsere ba. Amma kar a manta Lorenzo tsere 7 ya ci a shekarar Rossi 4, ba kyauta aka bashi ba.

Maganar Agostini kuwa, kambu 15 da nasara 122 gaskiya ne kuma ba mai raina shi, shima ya bar kamfanin MV Agusta ya koma Yamaha ya ci kambun 500cc a 1975, kuma a zamaninsu sau da yawa akan titunan gari ake tsere ana mutuwa kusan duk shekara. Sai dai lokacin mutum ɗaya yana shiga aji biyu a rana ɗaya, 350cc da 500cc, kaga yana iya ɗaukar kambu biyu a shekara, sannan bayan Honda sun janye a ƙarshen 1967 ya yi shekaru babu wani babur ɗin kamfani da zai ja da MV ɗinsa, sauran yawancinsu masu hawan na kansu ne. A babban aji Agostini kambu 8 da nasara 68, Rossi kambu 7 da nasara 89. Jimilla Rossi nasara 115, shiga ukun farko sau 235, tsere 432 a kaka 26, kuma shi kaɗai ne ya ci kambu a 125, 250, 500 da MotoGP. Nasararsa ta farko 1996, ta ƙarshe Assen ta Holan 2017 yana da shekara 38. Wanda zai ja da shi da gaske Marquez ne, wanda bayan karayar hannu a 2020 da tiyata kala-kala ya bar Honda ya dawo ya ɗauki 2025 akan Ducati ya cika 9 shima, kuma in kace min Marquez ya fi shi gudu bazan musa maka ba. Ni dai in aka ce waye ya ci da babura mafi bambanci, ya kara da zuriya uku na mahaya tun daga su Biaggi har zuwa yaran da aka haifa bayan ya fara tsere, Rossi zan nuna.

Shekarunsa na ƙarshe sun yi tsawo gaskiya, daga 2019 gudun ya ragu, 2021 ko kusa da ukun farko bai zo ba, ya yi tserensa na ƙarshe a Valencia 14 ga Nuwamba 2021 ya ƙare na 10, daga nan ya koma tseren motoci. Amma tun kafin nan ya gina filin atisaye na ƙasa a Tavullia ya buɗe makarantar VR46 yana tara yaran Italiya, suna hawa tare duk sati akan turɓaya dan su saba da sulɓewar taya, ana kula musu da kwantiragi da motsa jiki har da koyon Turanci. Daga nan Franco Morbidelli ya fito ya ci kambun Moto2, ajin da ke ƙasa da MotoGP, a 2017, Francesco Bagnaia ya ci a 2018, sannan Bagnaia ɗin ya ɗauki MotoGP a 2022 bayan an bashi tazarar maki 91 a tsakiyar shekara, ya sake ɗauka 2023, duka akan Ducati, karo na farko da mahayin kamfanin ya ci kambu tun Stoner a 2007. Ƙungiyar Rossi ta kansa ma tana MotoGP tun 2022 da baburan Ducati, kuma Marco Bezzecchi, shima ɗan makarantar, ya ci musu tserensu na farko a Ajantina a 2023.